Gatarin Kurege a Kwanon Inna

Ni maganin kashe ciyawa nake sayarwa a kasuwar Gwarzo, da taki da irin masara. Ƙanwata kuwa ciyawa take nomawa. Haka mutane suke faɗa, kuma a gabana suke faɗa, don sun san ba ni da wuyar hawa. Mutum zai sayi galan ɗin feshi, ya riƙe shi a hannu yana murmushi, ya ce, "Alhaji, ko in biya in fesa wa ƙanwarka ne kyauta?" 'Yan rumfa su kwashe da dariya. Sau da yawa na kusa ƙwace kayana in ce ya bar mini wuri.

Abin da take nomawa sunansa gatarin kurege. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san shi, ko da bai san sunan ba. Tsiro ne mai yaɗo da yake hawa shinge da damina, bakin ganyensa da 'yar ƙugiya, furensa ja da rawaya, a murɗe, ya ɗage sama kamar harshen wuta. Muna yara muna ganinsa a bakin rafi in an je gonar Baba ta wajen Unguwar Tudu. Ba a ci, ba a ba dabba, ba a ma kula shi. Ni dai ban taɓa jin wanda ya tsaya ya ce kai, wannan abu da kyau yake ba.

Ƙanwata ta yi zaman aure a Kano, tana aiki wurin wata Hajiya mai ƙawata zauren biki. Wata rana aka kawo musu furanni daga ƙasar waje, ta jirgi, a cikin kwalaye, kowane reshe an naɗe shi a takarda. Ta buɗe wani kwali, sai ga gatarin kurege. Ta ce ta daɗe a tsaye baki sake, har Hajiyar ta tambaye ta ko lafiya. Da mijinta ya rasu ta gama takaba ta dawo gida, sai ta ce a ba ta rabonta na gonar Baba, kuma ɓangaren bakin rafi take so, wanda kowa yake gudu saboda yashi.

Na yi faɗa har muryata ta dishe. Na ce, "Fure? Fure fa kika ce? Wa zai ci fure? Ga gyaɗa, ga wake, ga barkono, duk kin tsallake, sai abin da akuya ma ta raina?"

Ta ce, "Yaya, a jirgi ake kawo shi."

Na ce, "To ki sayi jirgin mana!"

Ko a jikinta. Daminar farko yawo ta yi ta yi a bakin rafuka da kufai, da tsummoki a jaka. In ta ga wanda karansa ya fi tsawo, jansa ya fi turuwa, sai ta ɗaura masa tsumma ta wuce. Da kaka, bayan yaɗon ya bushe, ta koma ta bi tsummokin nan ta tono saiwar. Da damina ta zagayo ta shuka, ta kafa masa kara da igiya ya samu abin hawa. Rabi ya ruɓe, don ruwa ya kwanta masa. Ta ɗaga kunya ta yi tsawo, ta sa takin gida, ta zagaye wurin da ƙaya saboda awaki. Ta koyi yanka shi da sassafe, ta tsoma a bokitin ruwa nan take, ta cire ɗan garin rawayan da yake ɓata wa mutane kaya. Kashin farko da ta aika Kano a but ɗin mota ya isa a langaɓe, aka zubar. Na gaba ta lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ya isa da ransa, ya yi kwanaki a tsaye. Hajiyar ta bugo waya ta ce a ƙaro, masu otal ma suna tambaya. To a nan ƙanwata ta ga ba ta da irin da zai isa. Sai ta ɗauki damina guda cur ba ta yanki ko reshe ɗaya ba, ta bar shi ya yi ƙiba a ƙasa.

Duk wannan fama da ake yi, mu 'yan gida ba mu taɓa ganin saiwar ba. A gona take ajiye ta, cikin yashi, a wata bukka mai kwaɗo, makullin a ɗaure a gefen zaninta. Ni na ɗauka tsoron ɓarayi take yi, har ina mata dariya, ina cewa wane ɓarawo ne Allah ya tsine wa haka.

Inna kuwa, mahaifiyarmu, nata ciwon daban ne. 'Yar 'yan kasuwa ce ta cikin gari, ba ta taɓa riƙe fartanya ba, kuma idonta ya fara rauni. Amma tun Baba yana da rai ita ce mai fitar da ɗanɗano. Duk abin da ya fara shigowa daga gona, kafin a sa a baki, sai ta zuba a kwanuka an kai wa maƙwabta. Su ma haka suke yi mata. Tun da na ba da tawa gonar haya na koma kasuwa, ƙanwata kuma ta kama noman fure, sai kwanuka suka riƙa shigowa ba mai fita. Wannan ya aiko da gyaɗa, wancan dankali, wancan sabon wake. Inna ta juye, ta rasa abin da za ta mayar da shi a kwanon, sai sabulu ko ɗan magi. Takan ce, "Gida da gona, amma sai ka ce gidan baƙi." Abin yana cin ranta sosai.

Cikin kwanukan nan akwai wanda ya fi kowanne. Wata samira ce mai murfi, fentinta ya gutsure a gefe. Tsakaninta da aminiyarta yake yawo, wadda muke kira Gwaggon Kabo. Tare aka kawo su unguwarmu suna amare, daga baya mijin Gwaggo ya koma Kabo da ita, amma kwanon bai daina tafiya ba. Ya je da fura ya dawo da daddawa, ya je da kuka ya dawo da man shanu. Ni na tashi na tarar da shi a hanya.

Ranar da abin ya faru ina rumfa wajen azahar, wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce daga Kano, ta je ganin Hajiyar. Muryarta ba yadda na saba ji ba.

Ta ce, "Yaya, yanzu mai aikina ya ce wai mai amalanke ya kwashi irin ya kai gida tun da safe. Gobe fa muka yi da shi, sai na dawo. Don Allah ka je ka zuba a ɗakin baya ka kulle, kada kowa ya taɓa."

Na ce, "In bar kasuwa saboda ciyawa?"

Ta ce, "Guba ce, Yaya. Saiwar guba ce. Guda ɗaya tana iya kashe babban mutum."

Na ce, "Me kika ce?"

Ta maimaita. Ta ce ma'aikatanta sun sani, kullum sai ta sa sun wanke hannu. Ta ce ta ɓoye mana ne don ta san ranar da Inna ta ji kalmar guba, ranar za ta sa a bi gonar da garma. Bana iri ya yi yawa, bukka ta kasa ɗauka, shi ya sa ta ce a kawo gida, da niyyar ta zaunar da mu ta yi mana bayani da bakinta kafin a sauke.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na hau babur ba, ko rumfar ban rufe ba.

Na shiga gida na tarar da buhuna a jingine a tsakar gida, ɗaya a buɗe, ya yi ƙasa sosai. Inna tana zaune a kan tabarma, ta sha sabon ɗankwali, fuskarta cike da fara'a irin wadda na daɗe ban gani ba. Na sa hannu na ɗauko saiwar. Fara-fara ce, sumul, 'yan yatsu biyu a haɗe a kusurwa kamar gatari da ƙotarsa. Wallahi in ba a faɗa maka ba, cewa za ka yi wani ƙaramin rogo ne ko rizga mai ƙiba.

Inna ta ce, "Ka ga ikon Allah? Ashe abin nan yana 'ya'ya a ƙasa! Muna ta zagin yarinya, ashe doyar Turawa take nomawa. Yau dai na fita kunyar mutane."

Na ce, "Inna, ina sauran buhun nan?"

"Na fitar da ɗanɗano mana. Matarka ta kai."

Na ƙwala wa matata kira da ƙarfin da ban taɓa yi a gaban Inna ba. Ta fito da ludayi a hannu, ashe namu ma ta fara feraye shi za ta sa a tukunya. Na buge kwanon ya kife. Na ce guba ce, ta sa mayafi, ta nuna mini duk gidan da ta shiga.

Inna ta ce, "Wace irin guba? Abin da ya fito daga ƙasa? Rogo mai ɗaci ma ai jiƙa shi ake a dafa a ci. Kai dai ka cika gaggawa tun kana yaro." Da ta ga da gaske karɓowa za mu yi, sai ta miƙe tsaye. Ta ce, "Kyautar da na bayar za ku bi gida-gida ku karɓo? Ni? A unguwar nan?"

Na ce, "Inna, mutuwa ake magana."

Ta ce, "Wannan ma mutuwa ce."

Ban tsaya ba. Gidan farko na wani dattijo ne, abokin Baba. Matata ta shige ciki, ni kuma na tarar da shi a zaure, ba yadda zan yi in wuce. Na durƙusa. Ya miƙo hannu a hankali. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya muka ji da kaka, ya Inna da ƙafa. Ina amsawa ina jin ƙamshin hayaƙi yana fitowa daga cikin gidansa. Ya fara godiya, wai sun ga abin arziki. A nan na kasa. Na miƙe a tsakiyar maganarsa, na tura kai cikin gidan mutum, gidan da ban taɓa wuce zaurensa ba, na yi ihu, "A sauke tukunya! Kada wanda ya ci!" Matan gidan suka watse suna neman mayafi. Dattijon ya bi ni da kallo kamar ya ga mahaukaci. Tukunyar kuwa tana kan wuta, tana tafasa.

Gida na biyu ba su taɓa ba. Gida na uku matar ta ce, "Ayya, ai na raba biyu na aika wa 'yata a can ƙasan gari." Gida na huɗu an ɗibar wa suruka. Subhanallahi! A nan na gane ba za mu iya bin abin nan da ƙafa ba. Kowa aka ba shi sai ya ba wani, haka muke, haka aka koya mana, kuma ranar nan halin nan namu shi ya kusa hallaka mu.

Na ruga masallacin unguwa, na samu ladan, na ce ya kunna lasifika. Ya ce ai lokacin la'asar bai yi ba. Na ce ya kunna ko in kunna da kaina. Na karɓa na yi magana, na ce duk wanda aka kai wa wata farar saiwa daga gidanmu, ko wanda aka ɗibar wa, kada ya ci, kada ya ba yaro ko dabba, guba ce, a dawo da ita, wanda ya dafa ya zubar da ruwan a masai. Na ambaci gidanmu da sunan Baba, gari duk yana ji. Na maimaita har ban san iyaka ba.

Sai kwanuka suka fara dawowa. Mata suna shigowa suna salati, suna juyewa a tsakar gida, wasu ferayayye, wasu dafaffe. Wata ta ce ta lasa ta ji bakinta yana zafi ta tofar. Ba wanda ya haɗiya. Wasu suna jajantawa, wasu kuma suna kallon ƙofar ɗakin Inna suna ƙus-ƙus. Inna tana ciki ta saki labule, ta ji komai ta lasifika, ba ta fito ba.

Ƙanwata ta iso bayan la'asar, idonta ya kumbura. Ta bi gidajen da matata ta faɗa ɗaya bayan ɗaya, duk sun dawo da nasu. Sannan ta durƙusa a bakin ƙofar Inna ta ce, "Inna, ki yafe mini. Akwai sauran inda aka kai?"

Daga ciki Inna ta ce, "Kun gama tozarta ni a lasifika. Me kuma ya rage?"

Na ce, "Inna, don Allah, akwai saura?"

Ba ta amsa ba. Muka ɗauka fushi ne. Na zauna a kan turmi, a karon farko tun azahar na ja numfashi, har na fara yi wa ƙanwata faɗan da na tara mata.

Ana haka aka yi sallama a zaure. Maƙwabcinmu ne, direban da yake jigila tsakanin Gwarzo da Kabo, dawowarsa ke nan, bai ji komai ba. Na fita. Yana tsaye yana murmushi, riƙe da samira mai murfi, mai gutsurarren fenti.

Ya ɗaga murya don Inna ta ji daga ciki, kamar yadda ya saba. Ya ce, "Inna, ga kwanonki! Gwaggo ta ce a gaishe ki, ta ce Allah ya sa albarka, gonar yarinya ta yi kyau. Ta dafa ta ci, ta ce ya yi daɗi."

Na karɓi kwanon na buɗe. Daddawa ce cike.

Ban taɓa jin irin ƙarar da Inna ta yi ba, kuma ba na fatan in sake ji. Ta fito ba ɗankwali, ba takalmi, ta dafe bango. Ashe tun da safe, kafin ta aiki matata ko'ina, ta zaɓi manya-manyan ta cika samirar ta ba direban da hannunta, don aminiya ce ake fara fitar wa. Da muka tashi karɓo kyauta, sai ta yi shiru da wannan. Ba ta yarda abin zai yi kisa ba, kuma ta ce a ranta ko duk unguwa sun yi mata dariya, wannan ɗaya dai ba za a je a karɓo shi ba.

Motar direban muka shiga, ni da Inna da ƙanwata. Gwaggo ba ta riƙe waya, ta surukarta kuma a kashe. Hanyar nan na bi ta ba adadi, amma ranar ji na yi ana ƙara mata tsawo. Ina ta yi wa direba tsawa ya taka, yana cewa ai ya taka. Inna ba ta kuka, ba ta magana, leɓenta kawai yake motsi.

Muka tarar da Gwaggo kwance a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta naɗe kamar yaro, ga kwanon amai a gefe. Surukarta tana yi mata fifita, ta ce tun ɗazu take amai da gudawa, ta ɗauka zazzaɓi ne, ta ce a kai ta kemis ta ƙi. Ƙanwata ta ce, "Wa da wa suka ci?" Surukar ta ce, "Ci me?" Ba ta ma san da zancen ba.

Gwaggo ta buɗe ido ta ga Inna. Da ƙyar ta ce, "Ke kuma me ya kawo ki ba ɗankwali?"

A mota ta ba mu labari, guntu-guntu. Ta dafa da kanta a ƙaramar tukunya. Da ta gutsura ta ji ɗaci, bakinta ya ɗau zafi. Ta ce a ranta yarinya ce ba ta iya noma ba tukuna, abin bai nuna ba. Ba ta so jikoki su ɗanɗana su tofar, a yi ta dariyar kyautar aminiyarta, sai ta hana kowa gani. Amma kuma ta ga bai dace a ce abu ya zo daga wurin Inna, karon farko bayan shekaru, ta aika da godiya ba ta ci ba. Sai ta daure ta tura guntu ɗaya da ruwa, ta zuba sauran a masai, ta cika kwano da daddawa.

Na ce, "Haba Gwaggo! Haba Gwaggo! Abu yana ƙona miki baki ki haɗiye?"

Ta ce, "To ya zan yi? Ita ta aiko."

A asibiti likita ya tambayi abin da ta ci, ƙanwata ta nuna masa saiwar ta faɗa masa sunanta na littafi. Fuskarsa ta canja. Ya ce wannan gubar ba ta da makari, sai dai a yi ta ƙarin ruwa, a tallafi jiki, a jira abin da Allah zai yi. Ya ce shekarunta ne abin tsoro.

Muka jira. Kwanakin nan ban san yadda suka wuce ba. Akwai ranar da aka ce ta samu sauƙi, washegari kuma aka ce a kira 'ya'yanta. Inna tana ƙasa a gefen gado, ta ƙi kujera, ta ƙi abinci sai ruwan koko. Da babban ɗan Gwaggo ya iso daga Kudu na shirya ya mare ni, wallahi da na ji daɗi. Sai ya kama hannuna ya ce ƙaddara ce, kada mu sa a rai. Inna ta ɗago ta ce masa, "Sun tambaye ni, na ɓoye." Ya ce, "Inna, ki bar maganar." Ta ce, "Ba zan bari ba, ka sani. Sun tambaye ni har sau biyu."

Allah ya yi Gwaggo tana da sauran kwana. Ta tashi, a rame kamar kara, aka mayar da ita Kabo. Bayan 'yan makonni muka ji gashinta ya zube gaba ɗaya, har gira. Likita ya ce aikin gubar ne, zai fito.

Inna ba ta je ba. Tun da aka sallami Gwaggo ba ta sake taka Kabo ba, kuma ba ta sake aika wa kowa komai ba, ko goro. In an kawo mata kwano sai ta ce matata ta karɓa. Samirar nan ta tura ta ƙarƙashin gado da daddawarta a ciki. Rani ya zo ya wuce, azumi ya zo, salla ta zo, kwanon bai motsa ba. Gwaggo ma ba ta aiko da komai ba, yo da me za ta aiko, kwanon yana wurinmu. In na ce, "Inna, mu je ki gan ta," sai ta ce, "Da wace fuskar?"

Ƙanwata ta so ta tara irin nan ta cinna masa wuta. Ni da bakina, ni mai maganin kashe ciyawa, na ce ba ta isa ba. Na ce an riga an sha wahalar, an riga an sha kunyar, ba za a kuma tashi a tutar babu ba. Na sa aka yi wa ɗakin gona ƙofar ƙarfe. Ita kuma ta ɗauki saiwar ta kai wa mai unguwa, ta bi gidajen biki da na suna tana nuna wa mata, tana cewa ku kalle ta da kyau, wannan ba a ci. Yanzu a Gwarzo ko yaro ka nuna wa ya san gatarin kurege. Masu tsokanata a kasuwa ma sun canja salo, sai su ce, "Alhaji, yau ba sanarwa?"

Damina ta sauka, ta shuka. Da ya fara fure na je gonar, na tsaya a bakin ƙaya ina kallo. Layi-layi, ja da rawaya, sama da tsayina. Ban ce mata ya yi kyau ba, na ce igiyar can ta saki, a ɗaure.

Ranar da za a kai kashin farko na daminar Kano, aka jera bokitai a tsakar gidanmu ana jiran mota. Inna ta fito alwala, ta tsaya. Ita fa duk shekarun nan ba ta taɓa ganin furen kusa ba. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa shi, saboda idon.

Ta ce, "Wannan ne?"

Ƙanwata ta ce, "Shi ne, Inna."

"Shi ma yana kisa?"

"In an ci."

Inna ta daɗe a sunkuye. Sannan ta koma ɗaki, muka ji tana jan abu a ƙarƙashin gado. Ta fito da samirar, ta juye busasshiyar daddawar a faifai, ta wanke kwanon da kanta, ta zuba ruwa. Ta zaɓi rassa masu kyau ta tsoma. Ƙanwata ba ta hana ta ba, alhali a ƙirge Hajiyar take jiran su.

Inna ta miƙo mini. Ta ce, "Ba direba ba, kai da kanka. Ka faɗa mata da bakinka ba a ci. Ka tsaya har ta ji."

Na tarar da Gwaggo a inuwar ɗakinta tana tsince wake. Ɗankwalinta ya zame, gashin ya fara fitowa fari-fari, laushi kamar na ɗan tsako. Muka gaisa, wannan karon ban katse komai ba. Na ajiye kwanon a gabanta na ce, "Inna ta ce a kawo miki. Ta ce ba a ci." Na faɗa da ƙarfi, na sake faɗa.

Ba furen ta fara kallo ba, kwanon ta kalla. Ta shafa wurin da fentin ya gutsure. Sannan ta ɗaga reshe ɗaya ta juya shi a rana, ta ce, "Ikon Allah. Ashe kai ne." Ta sa aka kawo tulu aka juye furannin a ciki, ta tashi da kanta ta shiga ɗaki, ta cika samirar da daddawa ta rufe.

Na ce, "Me zan ce mata?"

Ta ce, "Ka ce na gani, na gode, wannan ya fi wancan. Ka ce mata wancan ƙarya na yi, ko kaɗan bai yi daɗi ba."

Na dawo na tarar da Inna a zaure, wurin da ba ta taɓa zama ba, tana jirana. Na ba ta kwanon, na faɗa mata saƙon yadda aka ba ni. Sai ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, ta rungume samirar tana cewa, "Maƙaryaciya, tsohuwar maƙaryaciya." Muka tsaya a kanta ni da ƙanwata, ba wanda ya hana ta.

Da ta nutsu ta share fuska da gefen mayafi, ta ce in gaya wa direba ya ajiye mata gidan gaba a motar Kabo gobe da safe.